Shekara 38 kafin James Bond: abin da Judi Dench ta samu wanda 'yan wasanmu ba su samu ba

A watan Maris na 1999 aka miƙa wa 'yar wasan Ingila Judi Dench kyautar Oscar tana da shekara 64, kan rawar da ta taka ta Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a fim ɗin Shakespeare in Love. Idan aka tattara duk fitowarta a fim ɗin, kimanin minti takwas ce. A wajenmu galibi a finafinan James Bond aka san fuskarta, dattijuwar nan mai gajeren gashi da ake kira M, wadda Bond ke karɓar umarni a wurinta. Ta fara wannan rol a 1995, ta yi fim bakwai a jere har zuwa 2012. Wanda ya san ta ta nan kaɗai zai ɗauka da girma ta shigo harkar, sa'a ta faɗo mata. A nan Ingila kuwa an san cewa ranar da ta fara fitowa a matsayin M ta riga ta yi shekara 38 tana cin abinci da wasan kwaikwayo, mafi yawansa a kan dandamali, gaban 'yan kallo ido da ido.

Waɗannan shekaru 38 nake so 'yan'uwa masu harkar fim a Kano da Kaduna da Jos su duba. Baiwa tana da ita, ba musu. Amma mu ma Allah bai rage mu da baiwa ba. Abin da ta samu, wanda 'yar wasanmu ba ta samu, shi ne wurin da za a koya mata aiki, a bar ta ta yi kuskure, a gyara mata, sannan a ci gaba da rubuta mata rol mai nauyi bayan ƙuruciya ta wuce.

An haife ta ranar 9 ga Disamba 1934 a York, arewacin Ingila. Mahaifinta likita ne, kuma shi ke duba 'yan wasan gidan wasan kwaikwayo na garin, mahaifiyarta kuma tana taimakawa wajen kayan sawar 'yan wasa. Da farko zanen dandamali ta so koya, daga baya ta shiga makarantar Central da ke Landan, inda ake koyar da murya da wasa, ta gama a 1957. A watan Satumba na shekarar kamfanin Old Vic ya ba ta rol ɗin Ophelia a wasan Hamlet na Shekspiya. Babban rol ne ga yarinyar da ta fito daga makaranta jiya-jiya, kuma masu sharhi a jaridu ba su raga mata ba. Da kamfanin zai tafi rangadi Amurka sai aka karɓe rol ɗin aka ba wata.

Amma ba a kore ta ba. Shugaban kamfanin, Michael Benthall, ya riƙe ta, ya riƙa ba ta ƙananan rol, yau baiwa, gobe 'yar ƙauye, jibi gimbiya mai fitowa biyu ko uku. Ta sha faɗin cewa a daren da ba ta da abin yi sosai takan tsaya a gefen dandamali, bayan labule, tana kallon yadda manya ke aiki. Ta yi shekara huɗu a kamfanin, kuma a 1960 aka ba ta Juliet ƙarƙashin daraktan nan ɗan Italiya, Franco Zeffirelli. Duk wanda ya san yadda makaɗan fada ke tashi zai gane tsarin: yaro ya daɗe yana amshi a bayan ubangidansa, yana jin inda ake shan numfashi da inda ake saukar da murya, kafin a bar shi ya ja waƙa. Kamfanin wasa mai 'yan wasa na dindindin aikin da yake yi ke nan.

A wancan zamanin kusan kowane gari mai ɗan girma a Birtaniya yana da irin wannan kamfani, wasu ma kowane mako suke canza wasa. Litinin da dare a buɗe sabon wasa. Talata da safe a zauna a karanta na mako mai zuwa, darakta ya nuna wa kowa inda zai shigo, inda zai tsaya, inda zai fita. Sauran safiyoyin makon a riƙa ɗaukar wasan kashi-kashi, Asabar a bi shi daga farko har ƙarshe, alhali kowane dare ana yin wasan wannan makon a gaban jama'a. Lahadi ranar hadda ce. Litinin da rana a yi gwaji da kaya da fitilu, da dare labule ya tashi. Tsarin yana da illa, don gaggawa kan sa ɗan wasa ya riƙe 'yan dabaru biyu ko uku ya riƙa maimaita su. Amma wanda ya yi shekara biyu a ciki ya taɓa zama tsoho da yaro da ɓarawo da alƙali, kuma tsoron jama'a ya fita daga ransa.

Manyan kamfanoni irin waɗanda Judi Dench ta yi wa aiki sun fi haka natsuwa. A ƙarshen 1961 ta shiga kamfanin Shekspiya na masarauta, wanda ake taƙaitawa RSC, a lokacin da shugabansa, darakta Peter Hall, ya kawo tsarin ba 'yan wasa kwantiragin shekara uku don su saba da juna. A irin waɗannan wurare bita kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ranar farko kowa da kowa, har da mai fitowa ɗaya, a zagaye tebur a karanta wasan da murya daga farko zuwa ƙarshe. Mai zanen dandamali ya kawo ɗan ƙaramin samfurin da ya ƙera, wanda kowane santimita ɗaya a cikinsa ke matsayin 25 a zahiri, a ga inda ƙofa take da inda matakala take. A ɗakin bita a manna tef mai launi a ƙasa daidai da faɗin dandamalin gaskiya. Akwai mutum guda da aikinsa shi ne riƙe littafin wasan, yana rubuta kowane motsi da fensir, don gobe za a iya canzawa. Wajen tsakiyar lokacin ake sa ran kowa ya ajiye takarda. Daga nan sai kwana biyu ko uku na gwajin fitilu da sauti, aiki mai gajiyarwa da ake tsayawa kowane minti, sai gwaji da cikakkun kaya, sai 'yan darare da ake nuna wa jama'a ana gyara, sannan daren 'yan jarida. Bayan nan wasa takwas a mako, dare shida da rana biyu. Dole kowa ya kasance cikin ginin minti 35 kafin a ɗaga labule, kuma kowane babban rol yana da wanda ya haddace shi yana jira ko da mai shi zai kwanta ciwo.

Sai maganar harshe, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature na yau kusa da fahimta. Mafi yawan wasannin Shekspiya a waƙe suke. Galibi kowane layi gaɓa goma, bugu biyar, mara nauyi sannan mai nauyi. Wanda ya taɓa rera rubutacciyar waƙar Sa'adu Zungur ko ta Aƙilu Aliyu ya san yadda kari ke ɗaukar mai karatu, ya kuma san yadda gaɓa ɗaya da ta yi yawa ke karya baiti. Bambancin kawai, namu tsawon gaɓa yake aunawa, nasu kuma ƙarfin furuci. Peter Hall ya kafe a kan cewa layin da kansa yana gaya wa ɗan wasa abin da zai yi. A ƙarshen layi ake shan numfashi. Idan aka raba layi ɗaya tsakanin mutum biyu, na biyun ya cafke nan take ba tare da jinkiri ba. Idan layi ya gaza gaɓa goma, to marubucin ya bar gurbin shiru ne, a cika shi da kallo ko motsi. Kurakuran da sababbi ke yi biyu ne: ko su rera shi kamar karatun 'yan firamare har ma'ana ta ɓace, ko su daddatsa shi don ya yi kama da hirar yau da kullum, numfashi ya ƙare musu a tsakiya, kalmar ƙarshe, wadda sau da yawa ita ce mai ɗauke da ma'anar, ta faɗi ƙasa na baya ba su ji ba.

Babban zauren gidan wasan ƙasar Birtaniya da ke bakin kogin Thames a Landan yana ɗaukar mutum fiye da 1,100, kuma 'yan wasan zamaninta ba da makirufo suka saba cika irin wannan wuri ba. Ba ihu ake yi ba. Ana koya wa ɗalibi ya ja iska zuwa ƙasan haƙarƙari, ciki ya buɗe, kafaɗa ba ta motsa ba, sannan ya fitar da baƙaƙen kalma sarai, don su ke kai magana nesa. Wanda ya tura murya daga maƙogwaro zai yi daren Litinin da Talata lafiya, kafin Alhamis murya ta dishe, idan ya ci gaba kuma ƙulli ya fito masa a igiyar murya. Ita Judi Dench muryarta a shaƙe take tun asali, mai ɗan tsagewa, irin wadda wani malami zai ce a gyara. Ba ta gyara ba, ta koyi sarrafa ta, har ta zama abin da ake gane ta da shi ko ido a rufe.

Wanda ke son ganin amfanin wannan horo ya nemi wasan Macbeth na Shekspiya da darakta Trevor Nunn ya shirya a 1976 a garin Stratford, ita da Ian McKellen, don an ɗauke shi a talabijin daga baya. A wani ƙaramin ɗakin kwano aka yi shi, wanda bai kai cin mutum 200 ba. Babu fada, babu dawaki, babu kayan ado. An zana da'ira a ƙasa, 'yan wasa suka zauna a kan akwatunan katako a kewaye, wanda lokacinsa ya yi ya shiga da'irar. A fitowar da matar Macbeth ke tafiya cikin barci tana goge hannunta daga jinin da babu shi, Judi Dench na sanye da baƙaƙen kaya, kanta a ɗaure, kyandir a hannu. Ta shinshina tafin hannun, sai wani sauti ya fara fitowa daga cikinta a hankali, siriri, yana hawa yana tsawo har ya zama kururuwa, duk a numfashi guda. Ba a yin wannan da sa'a. Sai wadda ta san yawan iskar da ke ƙirjinta, ta kuma san za ta sake yin sa gobe da jibi. Kuɗin da aka kashe a wasan kaɗan ne ƙwarai. Lokaci aka kashe masa.

A 1987, tana da shekara 52, Peter Hall ya ba ta Cleopatra, sarauniyar Masar, tare da Anthony Hopkins. Ita kanta ta yi shakka, don gajeriya ce kuma ba yarinya ba. Shawarar da ya ba ta ta cancanci a rubuta a bangon kowane ofishin shirya fim: kada ta yi ƙoƙarin nuna duk halin matar a kowace fitowa. A wannan ta nuna kishi kawai, a waccan wasa da dariya, a ta gaba mulki, 'yan kallo su za su haɗa su su ga mace guda cikakkiya.

Akwai inda hanyarta ta biyo ta wajenmu. A 1963 kamfanin Nottingham Playhouse ya yi rangadin Afirka ta Yamma da tallafin British Council, suka je Najeriya da Ghana da Saliyo, ita ce matar Macbeth, ita ce kuma Viola a Twelfth Night, wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ta sha ba da labarin yadda 'yan kallon can ba sa zama shiru irin na Ingila, suna dariya, suna mayar da magana, har su nemi a maimaita layin da ya yi musu daɗi. Wannan ɗabi'ar tamu ce, kuma dukiya ce ga ɗan wasa, don ɗan kallon da ke amsawa nan take malami ne da ba ya ɓoye maki.

Kuma kada wani ya ce dandamali ba namu ba ne. Ban da tashe da wasan gauta da 'yan kama, muna da rubutattun wasanni tun Wasan Marafa na Abubakar Tunau da na Shu'aibu Maƙarfi. Jami'ar Ahmadu Bello ta gina gidan wasanta da jar laka a Samaru tun shekarun 1970. Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Karkuzu a Jos, da Yazi Dogo a Nijar, duk 'yan ƙungiya ne da suka daɗe suna aiki da mutane iri ɗaya. Kannywood ɗin ma daga ƙungiyoyin wasan daɓe na Kano ta fito, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, kuma Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990. Da yawa daga cikin waɗancan dattawa ba sa haddace rubutu kalma da kalma. Ana ba su ƙashin labari ne su sa masa tsoka da bakinsu. Abin ya yi kyau saboda sun san juna ciki da bai, sun yi bita tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ajiye magana ya ɗauka.

Abin da ya faru bayan kasuwar kaset da faifai ta buɗe shi ne an riƙe ƙirƙirar magana nan take, an yar da ƙungiya da bita. Sau da yawa ɗan wasa sai ya iso lokeshan yake jin abin da fitowar ta ƙunsa. Wataƙila da safe yana wani fim ɗin, da yamma kuma ana jiran sa a na uku. Tunda ba a jere ake ɗaukar fim ba, ana iya fara masa da fitowar da matarsa ta rasu kafin wadda suka haɗu, shi kuwa bai karanta labarin gaba ɗaya ba, bai san nawa zai kashe a nan nawa zai ajiye don can ba. Sakamakon kowa ya san shi. Fushi ya zama ɗaga murya daga farkon fitowa har ƙarshenta, ba hawa ba sauka. Mutum biyu su zauna a falo minti biyar suna ba juna labarin abin da muka gani da idonmu yanzun nan. Magana ɗaya a faɗe ta sau uku, don mai yin ta yana neman inda zai tsaya. Wanda ba shi ke magana ba ya tsaya fuska a sake yana jiran layinsa, alhali a gaban kyamara rabin aiki saurare ne. Da aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube abin ya ƙaru ta wani gefen, don akan fara ɗauka marubuci bai gama rubutu ba. Ban ɗora laifin a kan 'yan wasa ba. Wanda ake biya da yawan fitowa dole ya yi ta gudu daga wannan lokeshan zuwa wancan. Shaida kuwa ita ce, inda aka riƙe mutane iri ɗaya shekara da shekaru, kamar Daɗin Kowa na Arewa24, nan da nan za ka ga wasa ya zauna, musamman na dattawan ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar mata da shekaru. Sau takwas aka sa sunan Judi Dench a takarar Oscar, kuma duka takwas ɗin bayan ta haura 60 ne. A 1997 ta fito a Sarauniya Victoria cikin takaba. A 2001 ta fito a marubuciya Iris Murdoch da cutar mantuwa ke cinyewa. A 2006 malamar makaranta ce mai kaɗaici da mugun nufi. A 2013 tsohuwa ce 'yar Ailan da ke neman ɗan da aka raba ta da shi tun tana budurwa. Takararta ta ƙarshe ta zo ne a 2022, kan fim ɗin Belfast, tana da shekara 87. A yawancin waɗannan labarin nata ne, ita ake bi. Kuma wannan mace ce da wani mai shirya fim ya taɓa gaya wa tun tana yarinya cewa fuskarta ba ta dace da fim ba. Da fuska kaɗai ake dubawa, da ta koma gida tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu.

A wajenmu jaruma tana da 'yan shekaru ƙalilan. Ana ɗaukar ta saboda kyau, yanzu har da yawan mabiya a Instagram da TikTok, a yi ta sa ta a soyayya da rawa, daidai lokacin da ta fara gane aiki sai aure ya zo ta bari, ko kuma wata sabuwa ta fito a manta da ita. Maganar aure tsakanin mace da mijinta da iyayenta ne, ban zo sa baki a ciki ba, kuma ba na cewa mu kwaikwayi rayuwar Turawa. Ita dai Judi Dench ta auri ɗan wasa Michael Williams a 1971, suka haifi 'ya a 1972, ta ci gaba da aiki har suka yi shirin barkwanci tare a talabijin daga 1981 zuwa 1984, suna tare har rasuwarsa a 2001. Amma wadda ta zauna a sana'ar a wajenmu fa, me muke ba ta? Da ta kai 35 ta zama uwar jarumi. Fitowarta uku: ta sa albarka, ta hana aure, ta yi kuka. Ko a mai da ita muguwar suruka mai zuwa wajen boka. Alhali ƙasarmu cike take da matan da labarinsu zai riƙe fim daga farko har ƙarshe: ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa ta san asirin kowane gida, dillaliya, uwar adashin da kuɗin mutane ya nutse a hannunta, jakadiyar fada, malamar Islamiyya, uwargidan da mijinta ya rasu ya bar ta da rabon gado da 'ya'yan kishiyoyi uku. Masu kallon finafinanmu mafi yawa mata ne a cikin gida, kuma waɗannan su ne matan da suka sani.

Sai kuɗi. 'Yan wasan Birtaniya suna da ƙungiyar ƙwadago, Equity, tun 1930. Tana zama da masu gidajen wasa da kamfanonin fim a yanke mafi ƙarancin albashin mako, da kuɗin ƙarin lokaci, da hutun da dole a bayar tsakanin tashi aiki da komawa, akwai kuma tsarin fansho. A 2022 hirar da BBC Hausa ta yi da Hajiya Ladin Cima ta tayar da ƙura, ta koka da ƙarancin abin da ake ba ta bayan shekaru masu yawa a sana'a, wasu masu shirya fim kuma suka fito suka musanta. Aka yi ta ja-in-ja a intanet. Abin da na ɗauka daga rigimar shi ne babu takardar da za a ɗauko a raba gardama, don ba a rubuta komai ba tun farko.

Ba na so a ɗauka komai lafiya yake a Ingila. Tsanin da Judi Dench ta hau yawancinsa ya karye. Talabijin ta kashe kamfanonin mako-mako, kuma gidajen wasan garuruwa da suka rage akasari suna ɗaukar 'yan wasa ne don wasa guda, in an gama kowa ya kama gabansa. Kuɗin makarantar wasa da hayar ɗaki a Landan sun sa 'ya'yan masu hali sun fi yawa a sana'ar, ita da kanta ta koka da haka. Mafi yawan 'yan wasa a nan ba sa iya rayuwa da wasa kaɗai, suna haɗawa da aikin gidan abinci ko koyarwa. Sannan manyan kamfanonin da suka raine ta sun samu tallafin gwamnati ta hannun hukumar fasaha da aka kafa tun 1946, abin da ba mu da irinsa, kuma bayan yadda maganar gina ƙauyen fim a Kano ta ƙare a 2016 ban ga alamar za mu samu nan kusa ba.

A 2012 ta bayyana cewa tana da ciwon ido mai cinye tsakiyar gani, har ta kai ba ta iya karanta takarda. Ta ci gaba da aiki ta hanyar sa abokai su riƙa karanta mata layi tana maimaitawa har ya zauna. A 2016 ta karɓi kyautar Olivier ta takwas, wato babbar kyautar wasan dandamali ta Birtaniya, kan wani wasan Shekspiya da ta yi a dandamali tana da shekara 80 da ɗoriya. Kunnen da aka horar da jin kari da ƙwaƙwalwar da ta saba hadda tun 1957 su suka ɗauke ta lokacin da ido ya gaza.

Mafi yawan abin da ya gina ta bai buƙatar gwamnati. Furodusan da zai iya hayar gida da motoci na kwana goma zai iya ware yini ɗaya kafin a fara ɗauka, a tara kowa a ɗaki guda, a buga wa kowa labarin cikakke, a karanta da murya. Kuɗinsa bugun takarda ne da abincin rana da na mota. A wannan zaman marubuci zai ji da kunnensa layin da ba ya faɗuwa a bakin Bahaushe, darakta zai gane fitowar da ba ta da amfani ya cire ta kafin ta ci masa rabin yini da man janareta. Fitowa huɗu ko biyar da suka fi nauyi a ba su yini biyu na bita a tsaye, ba kyamara. Kowane ɗan wasa ya rubuta a gefen takardarsa, a kan kowace fitowa, daga ina yake, me yake nema a wajen wanda ke gabansa, me ya sani a wannan lokacin da me bai sani ba tukuna, ta yadda ko an fara da ƙarshe ba zai ruɗe ba. Kamfanin da ke da shiri mai dogon zango ya riƙe mutum goma ko goma sha biyu da yarjejeniyar shekara a rubuce, ya riƙa juya su, jarumin bana ya zama direba a shiri na gaba. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Bayero da makarantar fim ta Jos suna da zaure da malamai, ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN kuma tana da 'yan wasa. Ko sau ɗaya a wata aka haɗa su aka yi wasan daɓe na awa guda gaban ɗalibai, sabuwar jaruma za ta ji a jikinta inda mutane suka yi tsit da inda suka fara duba waya. Ita ƙungiyar kuma ta fitar da takarda mai shafi ɗaya da ke faɗin mafi ƙarancin kuɗin yini na ɗan wasa, da ƙarin da ake yi wa wanda ya haura shekara ashirin a sana'a, furodusa da ɗan wasa su sa hannu kafin a kunna kyamara.